Ƙudan zumana suna tashi, in ci bashi in ƙara amya?

Wani ɗan kasuwa daga Zariya, mai sayar da zuma a kwalba, ya aiko da tambaya. Ya ce ya gaji da sarin zumar da ba shi da tabbacin ingancinta, shi ya sa shekara biyu da suka wuce ya kafa amya 12 ta katako, irin mai sanduna a sama, a gonarsa. Bana tun da mangwaro da ɗorawa suka yi fure ƙudan suka yi yawa, har suna cunkushewa a bakin ƙofa, kuma cikin mako biyu amya uku sun yi tashi yana ji yana gani. Bara kowace amya mai ƙarfi ta ba shi kusan lita 10. Yanzu yana tunanin cin bashi ya sa kafinta ya yi masa sababbi 20 don ya daina asara.

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Amsata a taƙaice ita ce kada ka ci bashin nan. Amya biyar ko shida sun ishe ka bana, kuma kuɗinsu za su iya fitowa daga zumar da ke cikin gonarka yanzu. Amma sai ka fahimci abin da ke faruwa a cikin akwatunan nan tukuna, domin a nan lissafin yake.

Tashin da ka gani ba cuta ba ce, ba kuma gudu suka yi ba. Haihuwa ce. Idan fure ya wadata, sarauniya takan zuba ƙwai fiye da dubu a rana, ma'aikaciya kuma cikin kamar mako uku ta tashi daga ƙwai ta zama cikakkiyar ƙuda. Kafin ka ankara gida ya cika, babu gurbin ƙwai, babu wurin ajiye ruwan fure. Sai su fara renon sabuwar sarauniya, tsohuwar kuma ta kwashi rabin jama'a ko fiye ta fita neman sabon gida, kowannensu ya cika cikinsa da zumarka a matsayin guzuri. A Turai da Amurka wannan yakan zo ne daga Afrilu zuwa Yuni, bayan sanyi ya wuce. Mu namu ba ya bin kalandar su, furen itatuwa yake bi, don haka idan ka ga bidiyon Bature yana ambaton wata, ka bar watan ka dubi bishiyoyin gonarka. Ƙudan zumarmu na Afirka ta Yamma kuma sun fi na Turai saurin tashi da saurin fushi.

Ka bambanta wannan da ƙaura. Idan ka buɗe amya ka tarar wayam, to wani abu ne ya kore su: kwarkwasa, wutar daji, zafin rana a kan murfi, ko rashin ruwa. Wannan gyaransa daban, inuwa da ruwan sha da shafa mai a ƙafafun teburin amya. Naka kuwa, tunda akwai sauran ƙuda a ciki, rabuwa ce.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai duba lissafi shi ne lokacin da abin ke faruwa. Suna tashi ne daidai sa'ar da fure ya fi yawa, wato ma'aikatanka sun tafi ana tsakiyar kaka. Sabuwar sarauniya tana ɗaukar kwana 16 daga ƙwai zuwa fitowa, sannan ta fita barbara, sannan ta fara ƙwai, sannan a jira 'ya'yan su girma. Kafin gidan ya dawo da ƙarfinsa, ɗorawa ta daɗe da kakkaɓe fure. Wani lokaci ma amya ɗaya takan sake tashi karo na biyu da na uku da ƙananan sarauniyoyi, ta bar ka da 'yan tsiraru. Don haka a littafinka kada ka sa wa amyoyin nan uku lita 10 bana. Ka sa musu kaɗan, in an samu ƙari alhamdu lillahi.

To ga dalilin da ya sa na ƙi maganar amya 20. Akwatin da babu ƙuda a ciki ba jari ba ne, katako ne da gara ke jira. Amya tara suka rage maka da ƙarfinsu, kuma ko da ka raba kowacce gida biyu, tara za ka cika, sauran 11 su zauna suna jiran sa'a. Mafi muni, amyar da ka raba ba za ta ba ka zumar kirki a wannan kaka ba, sabuwar kuma sai baɗi. Kenan ka rage abin da ke shigowa a daidai shekarar da mai bashi zai fara zuwa ƙofar shagonka. Kuma kai ba manomin zuma kaɗai ba ne, kana da masu saye da suka saba da kwalbarka. Ranar da suka zo ba su samu ba, ko ka koma saro wadda ka gudu daga gare ta, amanar da ka yi shekara biyu kana ginawa ce za ta taɓu.

Saboda haka kowace amya sai ka yanke mata hukunci: zuma kake so daga gare ta bana, ko 'ya? Ba a samun biyun a cike.

Waɗanda ka ware don zuma, buƙatarsu fili. Ka je da yamma, da rigar kariya da hayaƙi, ka fara buɗewa daga baya. Duk saƙar da ka ga an rufe bakinta da farin kaki, ta nuna, ka yanke ta ka mayar da sandar. Wannan ya ba ka abin sayarwa, ya kuma ba su aikin yi. Wadda ba a rufe ba ka bar ta, ruwa ya yi mata yawa, za ta yi tsami a kwalba ta yi kumfa. Ma'aunin da kasuwar duniya ke bi shi ne kada ruwa ya wuce kashi 20 cikin 100. Sannan ka sa sanda ɗaya ko biyu marasa komai a gefen inda 'ya'ya suke, domin sarauniya ta samu sabon wurin ƙwai.

Yayin da kake ɗaga saƙar 'ya'ya, ka duba gefenta da ƙasanta da kyau. Za ka iya ganin wani ɗaki da ya fi sauran girma, yana reto kansa ƙasa, da kaushi a jikinsa kamar kwanson gyaɗa. Ɗakin sarauniya ke nan. In ka leƙa ka ga tsutsa kwance cikin farin abinci mai kama da kindirmo, sun riga sun ƙudura niyya. Suna rufe bakinsa wajen kwana na takwas ko tara, kuma galibi a nan tsohuwar take fita. Shi ya sa a wannan lokaci dubawa duk kwana bakwai ce. In ka ce sai bayan mako biyu, labari za ka tarar. Wasu masu amya sukan murƙushe ɗakunan su ce sun gama. Jinkiri kawai suka saya, domin za a sake ginawa, kuma in tsohuwar ta riga ta tafi ba ka sani ba, ka mayar da gidan maraya da hannunka.

Irin wannan amya, wadda ta riga ta gina ɗakin sarauniya, ita ce ta rabawa. Ka zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi. Ka ɗauki sanduna huɗu ko biyar masu 'ya'ya da zuma da garin fure, tare da ƙudan da ke kansu da tsohuwar sarauniya, ka sa a sabuwar amya, a tsohuwar kuma ka bar ɗakin sarauniya ɗaya ko biyu masu kyau. In ba ka ga sarauniya ba, ka tabbatar kowane ɓangare yana da sababbin ƙwai, domin wanda ba ta ciki ya iya renon wata. Sabuwar ka kai ta nesa, kilomita uku ko fiye, in ba haka ba ƙudan da ke fita neman fure za su koma tsohon gida. In wannan ne karonka na farko, ka biya wanda ya iya ku yi tare, kuma ka sanar da maƙwabtan gona su kau da dabbobin da ke ɗaure.

Sauran sababbin amyoyin ka mayar da su tarko. Iyayenmu masu amyar kara da kashin shanu sun daɗe da sanin wannan, suna turara ta su rataya a bishiya ƙuda su shigo da kansu. Kai ka goge cikin taka da kakin zuma, ka zizara narkakken kaki a tsakiyar kowace sanda, ka murza ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa shayi a bakin ƙofa, ka ɗora a inuwa a ɗan sama. Naka in sun kuɓuce za su iya faɗawa ciki, na daji ma haka, ba ka biya ko sisi ba. Don haka kakin da ya rage bayan tacewa kada ka zubar, ka narka ka ajiye, rarar ma tana da masu saye. Ka kuma tsaya a kan kafinta ya yanka sanduna faɗin milimita 32 daidai da na tsofaffin, domin in faɗin ya saɓa za su haɗe saƙa biyu, ka kasa ɗagawa, balle ka duba.

Ka ware ɗan kuɗin sukari a gefe, saboda gidan da aka raba a makare zai iya buƙatar ciyarwa idan fure ya ɗauke. Kuma ka rubuta wa kowace amya lamba da fenti, ka riƙa sa ranar dubawa, abin da ka gani, da litar da ta bayar. Bayan ka gama yankan bana ka aiko mini da shafin nan tare da adadin kwalaben da kake sayarwa a wata, mu duba ko baɗi za ta ɗauki ƙarin amya goma daga ribarka ko daga adashe.