Birkin baya na kuka, kai kuma hannunka na kan noti

Kai yaro, ka tambaye ni me ke sa birkin bayan mashin kuka, kuma ko ƙara ɗaure notin sandar birki zai kashe ƙarar. Ajiye sifanar nan tukuna. Babu abin da ke cinye hob, wato gangar tsakiyar taya da birki ke kamawa a cikinta, a sana'ar nan kamar wannan notin.

Kafin ka taɓa komai, kasa kunne. Kuka siriri mai tsini, ƙura ce ta taru ko fuskar shu (ƙarafa biyun nan da ke buɗewa su kama cikin hob) ta yi sulɓi tana ƙyalli saboda zafi. Gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa, naman shu, wato abin da aka manna a fuskarsa don kama hob, ya ƙare. In ƙwas ka ji sau ɗaya da an taka, duba notin ƙarfen da ke riƙe farantin birki. In ƙarar na nan ko ba a taka ba, girgiza taya, wataƙila boris ne.

Yadda ake cire taya ba zan ɓata bakina a kai ba.

Ga inda ake asara. Mai mashin zai zo yana sauri, ya ce a ɗan ɗaure masa kawai. Ka ɗaure, birki ya kama, ya tafi. Alhali naman shu ya riga ya yi ƙasa da milimita 2, kibiyar da ke hannun birki na jikin tayar baya ma ta kai kan alamarta, ba wanda ya sunkuya ya duba. Bayan sati biyu ƙarfen shu ya yi wa cikin hob zane kamar kunyar gona. A jikin hob ɗin akwai lambar iyakar faɗinsa, galibi milimita 1 ce kacal sama da na sabo. Da ya wuce nan ya tashi aiki, sabon shu ma ba zai zauna daidai ba. Sannan mutumin nan zai dawo yana rantsuwa lafiya lau ya kawo mashin, kai ka lalata, kuma daga aljihun mai gareji hob zai fito. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Wanda ya ƙi a buɗe, sallame shi.

In da sauran nama, goge fuskar shu da cikin hob da sanfefa mai lamba 120 har ƙyallin ya tafi, ka ɗan zaftare bakin shu ta kowane gefe. Ƙurar kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake ɗauke ta. Ku yaran yanzu sai ku hura da baki, ido na kan waya, kuna shaƙar abin da ke lalata huhu.

Shu da ya sha mai ko giris a jefar, wanki ba ya fitar da shi. Kada kalanzir ya kusanci wurin. A canza shu biyun tare, har da sifirin in sun saki. Giris ɗan kaɗan, a kan ƙarfen da ke buɗe shu da inda suke jingina kawai.

Wajen mayarwa, a taka birki a riƙe sannan ka ƙarasa ɗaure notin taya, don shu ya zauna tsakiya. Sai yanzu za ka taɓa notin naka: bar wa fedal wasan milimita 20 zuwa 30, ka juya taya ka ji ba ta gogawa. Duk sanda aka ja sarƙa, a sake duba wasan nan.