Amsa ga ɗalibina kan tsara faɗan takobi tsakanin masoya

Ɗana, ka yi mini tambaya biyu a haɗe. Ka ce kana so ka san ko igiyar da ake ɗaga 'yan wasa da ita da aikin kwamfuta su ne sirrin fina-finan takobi na ƙasar Sin, waɗanda jarumansu suke tashi sama suna gudu a kan ruwa. Ka kuma ce ba ka ga dalilin da zai sa a riƙa kashe ɗaya daga cikin masoyan a ƙarshe ba, alhali mai labari yana da ikon ɗaura musu aure kowa ya huta.

Zan fara da igiyar, domin ita ce mai sauƙi. Tashi sama tsohon abu ne a wannan sana'a, don tun a 1928 irin waɗannan fina-finai suka samu kasuwa a Shanghai, har gwamnatin lokacin ta hana su a farkon shekarun 1930 bisa zargin suna cusa wa jama'a camfi, daga baya kuma aikin ya bunƙasa a Hong Kong. Ana sa wa ɗan wasa ɗamara mai ƙarfi a ƙarƙashin tufafinsa, a ɗaura mata siririyar igiyar ƙarfe, a zarga ta cikin wani abu mai juyawa da ke rataye a sama, sannan ƙarti su kama ɗaya bakin su ja da hannu. Aikin kwamfuta a nan shi ne goge igiyar daga hoto, kuma kafin zuwanta da hayaƙi da duhu ake ɓoye ta. Wannan duka ana koyonsa, kuma fina-finai da yawa sun yi shi da kyau amma an manta da su, domin tashi sama shi kaɗai bai taɓa sa ɗan kallo hawaye ba.

Kafin ka tsara sara ko ɗaya, ka fara tambayar kanka abin da ya shiga tsakanin mutanen nan biyu. A cikin waɗannan labarai da wuya a samu mai takobi da yake cin gashin kansa. Kowa yana ɗauke da alkawarin da ya yi wa malaminsa, ko amanar gidan da ya horar da shi, ko bashin jinin wani nasa da aka kashe, kuma horon da ya ba shi daraja a idon duniya shi ne yake ɗaure masa baki a gaban wadda yake so. Ka duba fim ɗin Crouching Tiger, Hidden Dragon na Ang Lee, wanda ya fito a 2000. Jarumin, Li Mu Bai, da jarumar, Shu Lien, sun yi shekaru suna son juna ba wanda ya furta, saboda an taɓa yi mata baiko da amininsa wanda ya rasu, kuma dukansu suna ganin furtawar cin amanar mamaci ce. Sai da allura mai dafi ta same shi, numfashinsa ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗa mata abin da ke ransa. Da an ɗaura musu aure a tsakiyar labari, da sun daina zama mutanen da muke girmamawa. Da kuma ya rayu, da ya ci gaba da shirunsa. Mai labari ya ɗaure kullin ne ta yadda babu mai kwance shi sai ajali.

Sai dai in gaya maka ra'ayina a fili: masu kwaikwayo da yawa suna kashe jarumi ne kawai don su tatsi hawaye, kuma ɗan kallo yana ganewa. Hanyar gwaji ita ce ka cire mutuwar daga labarinka ka sake karantawa. Idan komai ya tafi daidai ba tare da ita ba, to ba ta da hurumi a wurin, gara ka bar su su yi aurensu.

Yanzu ga namu aikin. Manyan masu tsara faɗa na wannan fanni, irin su Yuen Woo-ping da Ching Siu-tung, sun taso ne cikin horon wasan dandamali na gargajiya na Beijing, inda kowane motsi yake da ma'anar da ɗan kallo zai karanta, shi ya sa faɗansu yake tafiya kamar zance. A fim ɗin Hero na 2002, wanda Ching ya tsara faɗansa, akwai masoya biyu da suka saɓa a kan kashe sarkin Qin, wata tsohuwar masarauta a ƙasar Sin: ita tana neman fansar mahaifinta, shi kuma ya yanke cewa barin sarkin da rai ya fi wa ƙasa alheri. A karonsu na ƙarshe ta kai masa suka, shi kuwa ya ƙi karewa. Abin da nake so ka lura da shi shi ne cewa wannan sukar ba ta da nauyi sai don an riga an nuna mana gwanintarsa, mun tabbata da ya so da ya kare. Saboda haka idan za ka yi irin wannan fitowa, tun a faɗan farko za ka shuka ta: ka nuna jarumin yana kare wannan sukar cikin sauƙi, ka maimaita, har idon ɗan kallo ya saba, sannan a ƙarshe ka bar ta ta shiga.

Kada kuma ka ba su salo iri ɗaya. Wanda zuciyarsa ta yi zafi shi ne mai matsowa, saransa na gaske ne, ƙafarsa tana cin ƙasa. Ɗayan kuwa yana ja da baya, yana tare sara da gefen takobi maimakon kaifinsa, kuma duk lokacin da ƙofa ta buɗe masa sai ya ƙi shiga. Wannan ƙin shigar dole kyamara ta kama shi kusa: tsinin takobi ya isa daf da wuya, wuyan hannu ya ɗan karkata, tsinin ya wuce ta gefe ya yanki bakin mayafi kawai, ita kuma ta bi yankin da ido ta gane cewa an ƙyale ta ne. Idan ka ɗauki wannan daga nesa, za a ɗauka kuskure ya yi.

Na ga kana yawan yanke tsayawa idan kana tace hoto, wai don faɗa ya yi sauri. Ka daina. Kamar yadda 'yan dambe suke zagaya juna suna auna juna kafin a kai bugu, kuma a nan ne fili yake yin tsit, haka tsayawar masoya tsakanin sara da sara take, domin a nan ne fuska take samun damar magana. Masu aikin Hong Kong sun saba ɗaukar faɗa guntu-guntu, kowane guntu da inda aka ajiye masa kyamara, kuma sukan rage hotunan da kyamara ke ɗauka a kowace daƙiƙa daga 24 zuwa wajen 22 domin motsi ya ƙara zafi idan an nuna. Ka yi amfani da wannan a wurin musayar sara, amma idan aka zo kan sukar ƙarshe ka sassauta, ka ba hannu da ido lokacinsu.

Wannan fasaha ta dace da mu fiye da yadda kake zato, tunda a fina-finanmu namiji da mace ba sa taɓa juna, kuma 'yan kallonmu sun san kunya da kawaici, ba sai an yi musu bayanin dalilin shirun mai so ba. Takobi biyu suna iya haɗuwa a inda hannu biyu ba za su haɗu ba.

Ga abin da za ka yi kafin mu shiga gwaji. Ka rubuta faɗan a takarda sara bayan sara, a gaban kowanne ka rubuta abin da mai yinsa yake nufi da shi, kuma duk saran da ka kasa faɗin nufinsa ka soke shi. Ka zo da takubban katako, mu gwada a ƙasa a hankali. Maganar igiya kuwa ka ajiye ta tukuna, kada ka kuskura ka ɗaga ɗan mutane sama sai mun samu ƙwararrun masu ja da ɗamarar da aka yi domin wannan aiki.