Babur ko Adaidaita Sahu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Mariri nake zaune, shagon da nake aiki kuma yana Kantin Kwari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ke cinye mini albashi. In sayi babur ne?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Saya, in da hali. Babur ba ya shan mai sosai, kuma cunkoson titin Maiduguri da safe ba zai riƙe ka ba. Sai dai ka tuna tun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, don haka kada ka ce za ka riƙa ɗaukar fasinja ka mayar da kuɗin mai.

Hular kwano dole ce, ko da zafin Afrilu na gasa kai. Ka juye baƙin mai a kan kari, ka duba sarƙa da birki kafin ka fita. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ratsawa ta gefen tirela, domin direba ba ya hango ka. Da damina kuwa, ruwan da ya kwanta a titi rami yake ɓoyewa, bi sawun motar gabanka.