Fim ɗin tsoro marar dodo: ya cancanci kuɗin tikiti?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fim ɗin tsoro irin wanda babu dodo babu jini, sai wasa da hankalin mai kallo, ya cancanci ka taso daga Agege zuwa sinima a Ikeja. Ya cancanta, in kana da haƙuri.

Ƙarfinsa a sauti yake. Kyamara za ta tsaya a kan ƙofar da aka bari a sakaye, kiɗa ya ɗauke ɗif, sai ɗigar ruwan famfo. Ba abin da ya fito, amma tsigar jikinka ta tashi, domin zuciyarka ce ke ƙirƙiro abin da ke bayan ƙofar. Ga kuma kokwanto: matar nan aljanu ne suka shafe ta, ko baƙin ciki ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa? Mu da muka tashi da labarin iskokai, wannan yana kama mu ƙwarai.

Aibinsa jan ƙafa. Sai a ci rabin awa ba abin da ya faru, ƙarshe kuma a tashi ba a warware maka komai ba. Wasu daraktocin ma da duhu suke rufe raunin labari.

Kada dai ka kalla a waya cikin danfo, ko janareton maƙwabci na ruri. Asarar data kawai za ka yi.