Amsa ga mai neman inda zai je shi kaɗai a Turai da kaka, ba tare da mota ba

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, inda ka ce kana karatu a Jamus, kana da hutun kwana biyar a ƙarshen Oktoba, ba ka tuƙi, kuma kana son fita kai kaɗai amma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Faris, Amsadam, Furag da kudancin Sifaniya. Na riga ka zuwa ƙasar nan da shekaru, kuma duk wuraren nan huɗu na taka su da jirgin ƙasa da bas, saboda haka abin da zan faɗa maka ganau ne. Shawarata ita ce ka nufi Andalus, wato kudancin Sifaniya, ka tsaya a kan birane biyu, Kordoba da Granada, kada ka ƙara na uku.

Abin da ya fi sa ni faɗin haka shi ne hasken rana. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan kuma rana takan faɗi a Barlin da Furag tun kafin ƙarfe biyar, a Faris da Amsadam kuwa wajen biyar da rabi ko ƙasa da haka, ga yayyafi da iska mai ratsa riga. A Kordoba a wannan makon sai bayan ƙarfe shida ake kiran magariba, kuma zafin bazara da kan wuce digiri 40 ya riga ya sauka. Wanda yake tare da abokai ba ya damuwa da duhu, domin suna da hira. Amma mai tafiya shi kaɗai, idan gari ya yi duhu da wuri ga ruwa, ɗakin masauki yake komawa ya zauna da wayarsa, kuma ba don haka ya kashe kuɗinsa ba.

Batun birane biyu kuwa, na koye shi ne da wahala. A shekarata ta farko na haɗa ƙasashe uku cikin kwana huɗu da bas ɗin dare saboda arha. Na tuna wata asuba da aka sauke mu a tasha ƙarfe biyar ana ruwa, masaukina ba zai ba ni ɗaki ba sai uku na rana, na rasa inda zan yi alwala cikin natsuwa, na zauna a benci rungume da jaka har gari ya waye. Da na dawo, tashoshi kawai nake iya tunawa.

Hanyar da nake bi yanzu mai sauƙi ce. Ka sauka a filin jirgin saman Malaga, wanda yake da jirage kai tsaye daga manyan biranen Jamus. A nan filin akwai ƙaramin jirgin ƙasa, layin C1, da zai kai ka tashar María Zambrano cikin kamar minti goma, daga can jirgi mai gudu ya kai ka Kordoba cikin kusan awa ɗaya. Ka kwana biyu, ka hau jirgin Granada, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, ko bas ɗin kamfanin ALSA wanda ya fi daɗewa a hanya amma yakan fi arha, tasharsa kuma tana kallon tashar jirgin. Ka kwana biyu a Granada, sannan ka hau bas da ke zuwa filin jirgin Malaga kai tsaye. Ka sani cewa a Sifaniya ana wuce da jakunkuna ta na'urar bincike kafin a shiga jirgi mai gudu, ana kuma rufe ƙofa kafin lokacin tashi, don haka ba a zuwa a makare kamar yadda muka saba yi da jiragen yanki a nan. Kuɗin tikiti yana hawa yayin da rana ke matsowa, gara ka saya da wuri.

Sai dai kafin tikitin jirgin sama, kafin masauki, ka fara sayen tikitin shiga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Granada, a shafinta na hukuma. Mutanen da ake bari su shiga a rana ƙididdigaggu ne, tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar, kuma fadojin sarakunan Banu Nasar, waɗanda su ne zuciyar wurin, suna da lokacin shiga da aka rubuta a jikin tikitin, wanda ya makara kuwa ya rasa. Ana rubuta sunanka da lambar fasfonka, a ƙofa kuma za a nemi fasfon na asali. Zuwana na farko ban san haka ba, na hau tudun nan har bakin ƙofa na koma ba tare da na shiga ba, abin da ya daɗe yana yi mini ciwo. Da Allah ya nufa na shiga a zuwa na biyu, na daɗe tsaye gaban bango ɗaya ina bin rubutun da aka sassaƙa a farar ƙasa, kalma ɗaya tana maimaituwa daga ɗaki zuwa ɗaki: wa la galiba illallah. Wannan shi ne taken gidan sarautar da ta riƙe birnin har zuwa 1492. Masu yawon buɗe ido da ke kusa da ni ado suke gani, ni kuwa karantawa nake yi, kuma kai ma za ka karanta. Ka ware wa wurin rabin yini, da lambunan Janaralife a ciki.

Kordoba ita ce Ƙurɗubar da muke ji a bakin malamai. A nan Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ya zauna, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce aka fi karantawa a zaurukanmu, kuma sanin haka ya canza yadda na taka titunan garin. Babban masallacinta Abdurrahman na ɗaya ne ya fara gina shi wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi, har ya zama dajin ginshiƙai da bakuna masu ratsin ja da fari. Tun 1236 coci ne, an kuma gina majami'a a tsakiyarsa daga baya. Ina faɗa maka wannan ne don ka shirya zuciyarka: za ka tsaya gaban mihrabin da al-Hakam na biyu ya ƙawata da zinariya, amma masu gadi ba za su bari ka yi salla a ciki ba, kuma ban ga amfanin jayayya da su ba. Akwai ƙaramin masallaci a lambun Kolon, a nan na yi tawa. Ka je da sassafe kafin motocin 'yan yawo su iso. Idan kana da sauran ƙarfi, kangon Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na uku ya gina, yana da nisan kamar kilomita 8 kuma akwai bas da ke zuwa, amma ba a buɗe shi ran Litinin.

A Granada ka nemi masauki kusa da dandalin Plaza Nueva, inda ƙafa za ta kai ka kusan ko'ina. Unguwar Albaisin tudu ce mai duwatsu, idan gwiwa ta gaji akwai ƙananan jajayen bas-bas da ke ratsa lungunanta. A samanta, dab da dandalin San Nikolas inda jama'a ke cincirindo don kallon faɗuwar rana, akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003. Lambunsa yana kallon Alhambra ɗin nan da kowa ke turereniya a kanta, ga shi shiru, ga duwatsun Siyera Nebada a baya. A nan na yi magariba, kuma a nan kaɗaicin tafiya ya sake ni, domin bayan salla ba a rasa wanda zai miƙo hannu ya tambaye ka daga ina.

Game da abinci, naman alade yana shiga abubuwa da yawa ba tare da an rubuta ba. Miyar tumatir mai sanyi ta Kordoba, salmorejo, akan barbaɗa mata shi a sama, sai ka ce "sin jamón", wato ban da naman alade, tun wajen oda. Alewar gari da ake kira mantecado, wadda ke cika shaguna daga kaka, da kitsen alade aka saba yin ta. Titin Calderería Nueva a Granada cike yake da shagunan shayi da gidajen abincin 'yan Maroko, a can hankalinka zai kwanta. Mutanen ƙasar ba sa cin abincin dare sai wajen tara, ƙananan shaguna da yawa kuma suna rufewa da rana tsaka. Lokacin rumman ne, wanda da Sifaniyanci sunansa ɗaya da na birnin Granada, ka saya a kasuwa. Kusa da manyan coci-coci wasu mata za su miƙo maka reshen ganye kamar kyauta, idan ka karɓa sai su kama hannunka su nemi kuɗin duba, kada ka karɓa.

Katin izinin zamanka na Jamus ya ishe ka shiga Sifaniya ba tare da biza ba, amma ka riƙe shi tare da fasfo. Ran 1 ga Nuwamba hutu ne a can, jirage da masaukai sukan cika. Kaka kuma lokacin ruwa mai ƙarfi ne a gabar tekun Bahar Rum, ka tuna ambaliyar Balensiya ta ƙarshen Oktoban 2024 da ta ci rayuka sama da 200, don haka ka riƙa duba gargaɗin hukumar yanayi ta AEMET, kuma kada ka sa bas ɗinka na komawa dab da lokacin tashin jirgi. Granada tana kan tudu mai tsayin kusan mita 700, rana da ɗumi, dare da sanyi, saboda haka ka saka rigar sanyi ɗaya a jaka da takalmin da ba ya santsi a kan dutse. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.