Sunan maigida da katin asibiti

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da asibitin gwamnatin da kike aiki ya koma adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, tsofaffi irina ne ke dagula muku aiki: a tambayi mace sunan mijinta ta sunkuyar da kai, yau ta ce ita ce Uwani, gobe ta ce Hajiya Babba, har mutum ɗaya ya tashi da fayil uku. Wai wannan addini ne ko al'ada? Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don ban zaci za a wayi gari jinina yana tambayar mece ce alkunya ba.

Shekarar canjin kuɗi, 1973, da naira ta maye gurbin fam da sule, na raka Inna asibiti, tari ya hana ta barci. Duk sammakonmu mun tarar da layi har bakin ƙofa. Malamin kati wani dattijo ne, alƙalami a bayan kunne, fayiloli jibge a bayansa, wasu gara ta fara ci. Ya tambayi sunan maigida, Inna ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Wallahi bai maimaita ba. Ni ya juyo ya ce, yarinya, wane ne babanki? Ya sassauta murya ya nemi sunan yankanta, don ya san wanda ake kiranta da shi a gida laƙabi ne. Da aka zo kan shekaru bai ce nawa ba, sai ya tambaye ta ko ta yi wayo lokacin yaƙin Hitila, ko an ɗaura mata aure kafin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Ya ƙirga da yatsu ya rubuta. Da na faɗa masa allurar fenisilin ta taɓa kumbura mata jiki, ya ɗauko jan biro ya rubuta a goshin katin, ya gargaɗe mu kada a ba kishiya ko maƙwabciya aronsa. A lokacin aron kati ba abin kunya ba ne, kuma an sha cutuwa da shi.

Kakarmu takan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita ɗin ce kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Cewa take sunan miji da na ɗan fari nauyi gare su, bakin mai kunya ba ya ɗauka.

Ba na ƙin kwamfutarku. Na ga ranar da fayil ya ɓace aka sa mara lafiya sake gwajin jini da kuɗin da ba shi da su. Yanzu likita na dannawa ya ga maganin bara da sakamakon gwaji, kuma wannan rahama ce, in dai akwai wuta kuma ba a ce babu netwok ba, a koma takarda, takardar kuma ba mai shigar da ita daga baya. Amma kwamfuta abin da kuka ba ta shi take riƙewa. Ku kuma 'yan yanzu idonku na kan allo, ba ku duban fuskar wadda ke gabanku, sai ku ƙwala wa sa'ar kakarku kira da sunanta gatsal cikin taro.

Ki tambayi ɗan rakiya. Ki nemi sunan yanka a hankali, ki haɗa da lambar waya da ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, in tana da ita, ki duba ko tana da tsohon fayil kafin ki buɗe sabo. Batun addini ko al'ada kuwa, in kin zo Sallah ki tambayi kawunki, shi ya yi karatun zaure.