Goron da aka ba ni kafin ciniki

Jiya da yamma muna rufe filin sayar da motoci ka tambaye ni, wai mutumin da ya sayi Corolla ɗin nan ya danƙa maka naira dubu 20 bayan ya karɓi makulli, kana so ka ji ko halaliyarka ce, ko kuwa za a cire a la'adarka. Ban amsa maka ba a lokacin, don tambayar ta fama mini tsohon miki. Yanzu zauna ka ji.

Kuɗinka ne, ka ci. Ciniki ya faɗa, an biya, an sa hannu, mutum ya ji daɗin hidimar da ka yi masa ya ba ka tukwici. Ba abin da ya haɗa shi da la'ada. La'ada haƙƙi ce, mai mota ke biya, kuma tun ranar da ya kawo motar ake yanke ta. Tukwici kyauta ce, in an ba ka madalla, in ba a ba ka ba, ba ka da ta cewa. Abin da ba na so in gani a filina shi ne ɗabi'ar yaran yanzu: mutum ya gama zube miliyoyi, su raka shi har bakin titi suna sosa ƙeya, wai "Alhaji, ba mu ga namu ba." Wannan bara ce. Mu da muka koyi dillanci a hannun manya, ko kallon aljihun mai saye ba ka isa ka yi ba.

Ko a Amurka, inda yawancin motocin nan suke fitowa, ba al'ada ba ce a ba mai sayar da mota tukwici. Kamashonsa ana yankar masa ne daga ribar da kamfani ya ci a kan motar, galibi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ba daga farashin motar ba. In aka karya farashi har riba ta zama ba ta da yawa, sai a ba shi wani ɗan ƙayyadadden abu. Shi ya sa yake riƙe wuta a wajen ciniki. Mu namu a baki ake yankewa da mai mota, kuma abin da aka yanke shi ke nan. Masu ɗora wa mai saye dubu 300 a ɓoye su cinye, ba da sanin mai mota ba, ni ba na kiransu dillalai.

Yadda ake duba inji da giya da fenti ba zan ɓata bakina ba, wanda ya yi wata uku a nan bai sani ba ya koma gida. Kuɗin da ake ba ka kafin ciniki, shi nake so ka ji tsoro.

A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Kafin nan daga Kwatano muke ɗaukowa, wasu ta Seme, wasu su zagayo ta Nijar su faɗo ta Jibiya. Da aka hana, sai ta ruwa kaɗai, galibi ta Legas, farashi ya tashi, 'yan fasa-ƙwauri kuma suka cika gari da motoci masu takardun bogi. Duk na san wannan. Ni nake gargaɗin wasu ma.

Ana cikin haka wani mutum ya kawo mini Camry ƙirar 2009, ruwan toka, tas da ita, ko ƙwarzane babu. Ya sha babbar riga, bakinsa zuma. Muka yanke miliyan 2 da dubu 800, la'adata dubu 100. Zai tafi sai ya cusa mini ambulan a aljihu, ya ce ga goro, in sha mai. Na ce ai ba a yi komai ba tukuna. Ya riƙe hannuna ya ce tsakaninmu ba haka. Dubu 50 ce a ciki. Sannan ya miƙo mini fayil, ya ce duti, wato harajin kwastam, an biya, komai ya cika.

Ƙa'idata a lokacin, duk motar da ta shigo filina sai na kwafi lambar shasi na tura ofishin kwastam an tabbatar mini da takardar duti. Rana ɗaya ce, biyu in ta yi tsawo. A kan wannan motar ban tura ba. Na buɗe fayil, na ga hatimi, na ga sa hannu, na rufe. Zuciyata ta ce mutumin da ya yi maka wannan karamci, ka tura a bincike shi kamar ɓarawo? In baki ya ci, ido ya ji kunya. Shi kuma ya san haka sarai, don haka ya bayar.

Wanda na sayar wa ita ya fi komai yi mini ciwo. Wani Alhaji ne mai harkar hatsi a Dawanau, shekara 11 muna tare, motoci huɗu ya saya a hannuna. Ko fayil ɗin bai buɗe ba. Ya ce tunda daga hannunka ta fito, ai shi ke nan.

Sati uku da sayen, direbansa ya ɗauki iyalinsa za su Abuja. Bayan sun wuce Zariya jami'an kwastam suka tsayar da su, suka duba lambar shasi, suka gwada da takarda. Takardar ta wata mota ce daban, an goge an sake bugawa. Su aikinsu suka yi. Aka sauke matar Alhaji da 'ya'yanta uku a bakin titi da tsakar rana, da jakunkunansu da kulolin abinci. Da ya kira ni bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kawai, "Malam, iyalina suna tsaye a titi." Har yau in na tuna muryar nan sai abinci ya fita raina.

Na kira mai babbar riga, waya a kashe. Na je gidan da ya kwatanta mini, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Wata biyu ina yawo, har Katsina na je a kan wani labari da aka ba ni, ban same shi ba. Fulotin da na saya don in gina wa yarana, shi na sayar a wulaƙance na mayar wa Alhaji kuɗinsa cif. Ya karɓa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Tun daga ranar bai sake tako filin nan ba, ƙannensa ma da suke saye a wajena duk suka koma wani wuri. Ina ganinsa yana wucewa ta titin nan a motocin da ba ni na sayar masa ba.

To, dubu 20 ɗinka ka riƙe, ka saya wa mahaifiyarka wani abu a ciki. Amma duk wanda ya miƙo maka ko naira dubu ce kafin a biya kuɗin mota, mai saye ne ko mai sayarwa, ka kawo shi gabana ka mayar masa ina kallo. Ita kuma Hondar da aka kawo shekaranjiya, na lura wayarka kake ta latsawa tun safe. Tashi ka kwafo mini lambar shasinta yanzu, daga jikin motar, ba daga takarda ba.